Kafin mu ce Faransa ta maido, mu san abin da ke cikin adakar kakanninmu



Yau ba zancen tsadar shinkafa ko ɗaukewar kuran zan yi ba. Zancen adakar kakata zan yi, kuma na san da yawanku in kun karanta za ku ce ai mu ma haka aka yi a gidanmu.

Shekarun baya, ina jami'a a Yamai, ciwon ƙafa ya kwantar da kakata a unguwar Birni, can Damagaram. An rubuto magani, gida babu kuɗi. Sai ga wani mutum bisa babur, irin masu bin gida-gida suna cigiyar tsoffin kaya. Kawuna ya buɗe masa adaka. A ciki akwai mundaye biyu na azurfa masu nauyi, da liyari shida da aka huda aka zura a zare, da wata tasar tagulla mai zane wadda kaka ta ce tun jeren mahaifiyarta take. Mutumin ya ɗaga, ya jinjina, ya taɓe baki, ya ce duk farin ƙarfe ne, amma albarkacin tsohuwa zai ba da jikka ashirin. Wallahi har godiya kawu ya yi masa. Da na zo hutu na ji labari, sai na zauna na yi lissafi. Liyari shida kaɗai na ɗauke da wajen giram 140 na tsantsar azurfa. Kuɗin wannan azurfar ya ninka abin da aka ba mu har da ƙari, ba a ma sa mundaye da tasa cikin lissafi ba.

Ban ga laifin kawu ba. Uwarsa ce kwance, kuma bai taɓa ganin an ɗora munduwa bisa sikeli ba. Ni da ake ce ma ɗan boko, da ina tsaye a wurin ma ban san abin da zan ce ba. Shekara goma sha na yi a lakkwal, na haddace sunayen kogunan Turai, amma babu mushen da ya taɓa koya mini yadda ake bambance azurfa da farin ƙarfe. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: sanin darajar tsoffin kayanmu aikin ƴan gwagwarmaya ne, daidai da sanin farashin yuraniyom da na man fetur. Mutumin da bai san kuɗin abin da ke hannunsa ba, kullum mai saye ne zai yanka masa farashi. Haka abin yake ga ƙasa, haka yake ga tsohuwa a ɗakinta.

Abu na farko da ya kamata mu riƙe: tsohon kaya daraja uku gare shi, kuma masu cuta a wurin cakuɗa su suke cin riba. Akwai darajar ƙarfen, wato nauyin zinariya ko azurfar da ke ciki. Akwai darajar ƙaranci, wato ko irin abin ya yi wuyar samu har masu tarawa na rububinsa. Sannan akwai darajar tarihi: wa ya ƙera, wa ya riƙe, a wane gida, a wane zamani. In mai saye ya ga abu mai tarihi, sai ya ce maka kilo zai auna kamar ɗan gwangwan. In kuma shi ne ke sayar maka, sai ya kawo maka ƙarfen banza da dogon labari.

Mu ɗauki liyari misali, tunda ita ce aka fi samu a gidajen Damagaram, Maraɗi, Tasawa, Tawa da Ƙonni. Kuɗin ƙasar Ostiriya ce, mai hoton sarauniya Mariya Tereza a gefe ɗaya, da mikiya mai kai biyu a ɗaya gefen. Nauyinta giram 28 da ɗan ɗoriya, kuma kashi 833 cikin 1000 azurfa ce. Ta ratso Sahara tare da ayarin raƙuma, aka yi ciniki da ita a kasuwanninmu tare da wuri. Baturen nan Heinrich Barth da ya shiga Kano a 1851 ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Har yau harshenmu na riƙe da wancan zamanin: muna ce ma sefa 5 dala, muna ce ma sefa 1,000 jikka, alhali a da jikka buhun wuri 20,000 ce.

To ga inda ake ruɗa mutane. Kusan kowace liyari da za ka gani, 1780 ne rubuce a jikinta. Sai mutum ya ɗauka yana riƙe da kuɗin da ya haura shekara 240. A shekarar ce sarauniyar ta rasu, kuma tun daga nan aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekarar ba tare da an canza ba, saboda ƴan kasuwar Afirka da ƙasashen Larabawa ba su yarda da wata kama ba. An buga ta a Biyana, an buga a Landan, Paris, Roma, Burusel har da Bombai, fiye da miliyan 300, kuma har gobe ana bugawa a Ostiriya. Ma'ana, yawancin liyarin da ke gidajenmu darajarsu ta azurfar ce, da ɗan abin da ba a rasa ba. Duk wanda ya ce maka liyari ɗaya za ta saya maka mota, ƙarya yake. Wanda kuma ya ce farin ƙarfe ce, ɓarawo ne. Haka dalar Faransa ta da, ta tamma 5, mai nauyin giram 25, kashi 900 cikin 1000 azurfa ce. Amma anini da kwabo masu huda na zamanin Ingilishi, waɗanda suka shigo mana ta Katsina da Daura, an buga su miliyoyi kuma babu azurfa a cikinsu. Ka ajiye su don tunawa da kaka, kada ka sa rai da arziki.

Yanzu yaya ake gane zinariya da azurfa? Ba sai ka zama maƙeri ba kafin ka kare kanka.

Fara da duba hatimi. Sarƙa ko zobe na kanti galibi akwai ƴar lamba a maɗaurinsa ko a cikinsa. A zinariya, 750 na nufin kara 18, wato kashi uku cikin huɗu zinariya ce. 875 kara 21 kenan, irin wadda alhazai suka fi kawowa daga Makka da Dubai. 916 kara 22. A azurfa za ka ga 925 ko 800. Kayan Faransa na da ɗan zanen kan mikiya a zinariya mai kara 18. Sai dai hatimi ana iya buga na jabu, kuma aikin maƙeran farinmu na gargajiya yawanci babu hatimi ko kaɗan, don haka hatimi shaida ce guda, ba hukunci ba.

Sai maganaɗisu. Zinariya da azurfa ba su bin mayen ƙarfe. In abu ya manne, to an gama magana. Amma in bai manne ba, kada ka yi saurin murna, sabili da tagulla ma ba ta mannewa, haka wani farin ƙarfe da ake haɗawa da jan ƙarfe da nikel, mai kama da azurfa sak alhali babu ko ɗigonta a ciki.

Gwajin da ya fi waɗannan shi ne na ruwa, kuma ɗan ƙaramin sikelin giram ya isa. Auna abin a bushe, ka rubuta. Ɗora kofin ruwa bisa sikelin, ka maida shi sifili, ka ɗaure abin da zare ka nutsar da shi cikin ruwan ba tare da ya taɓa gindi ko gefen kofin ba, ka rubuta lambar da ta fito. Raba ta farko da ta biyu. Tsantsar zinariya na ba da 19.3, mai kara 18 tsakanin 15 da 16, azurfa wajen 10.3 zuwa 10.5, tagulla kuma wajen 8.5. Gwajin ba ya aiki ga abu mai rami a ciki ko mai duwatsu a jiki. Bayan wannan, sai a je wurin maƙeri ya goga a dutsen gwaji ya ɗiga ruwan asid. Ka je wurin biyu ko uku, kuma ka faɗa musu tun farko cewa gwaji ka zo, ba sayarwa ba. Ka biya ladan gwajin, ka tafi da kayanka.

Lissafin kuɗi kuma ba shi da wuya. Sarƙa mai giram 20 ta kara 18, tsantsar zinariyar cikinta giram 15 ce. Farashin duniya yana nan kullum a intanet, ana faɗinsa da dalar Amurka a kan awo ɗaya mai giram 31.1. Ka raba, ka juya zuwa sefa, ka ninka da 15. Mai saye dole ya rage wani abu, don shi ma riba ya fito nema, wannan halal ne. Amma in ka san lambar, za ka gane bambancin riba da fashi. Wannan lissafin bai kai wahalar abin da muka yi a jarrabawar BEPC ba, kuma waya na hannun kowa.

Abu ɗaya da nake roƙonku: kada ku kankare tsohon kaya da toka, ko yashi, ko lemun tsami don ya yi ƙyalli. Wannan duhun da shekaru suka bari a jikin tsohon kuɗi ko tasa, yana cikin abin da masana ke dubawa, kuma gogewa na rage masa daraja. Kada kuma ku yi gaggawar ba da shi a narke. Tanagilt ta Agadas da tsohon maƙeri ya zuba da hannu ta hanyar kakin zuma, in aka narkar da ita ta koma giram kaza na azurfa, aikin da sunan mai aikin sun tafi kenan. Maƙeri na iya ƙera sabuwa gobe, amma wadda kakarki ta rataya ranar aurenta guda ɗaya ce a duniya.

Akwai kuma cuta ta ɗaya ɓangaren, wadda ta fi kama mu matasa. Kun sha jin jita-jitar wai tsohon keken ɗinki, ko tsohon dutsen guga na gawayi, akwai wani jan sinadari a ciki da Turawa ke saye da miliyoyi. Wannan sinadarin babu shi, tatsuniya ce da ta zagaya ƙasashe da yawa. Yadda ake yi, mutum ɗaya ya zo yana cigiyar abin da farashi na hauka, kwana biyu sai wani ya zo yana sayar da irinsa, kai kuma ka ci bashi ka saya, daga nan duka biyun wayarsu ta mutu. Cinikin biri a sama kenan. Duk cinikin da aka ce maka sai a ɓoye, sai da dare, sai yau-yau, kuma kada ka nuna ma kowa, to ka riƙe aljihunka.

Duk abin da na faɗa zuwa nan, kayan gida ne, na gado, wanda mai shi ke da iko da shi. Akwai wani nau'in da ba na kowa ba ne shi kaɗai: abin da ke binne cikin ƙasa. A 1975 aka gano wurin tarihi na Bura a yankin Tera, jihar Tilaberi. A 1983 masanin nan Boubé Gado na cibiyar binciken IRSH ta jami'ar Yamai ya jagoranci haƙa wurin, aka fito da tukwanen binne mamata da mutum-mutumin yumɓu, wasu tun ƙarni na 3, cikinsu har da mahayin dokin nan da ya yi suna. Da aka baje su a Paris a 1993 duniya ta gani, sai ƴan kasuwar tsoffin kaya suka buɗe ido. Aka bi wuraren da diga da shebur ana tonewa ana fitarwa, har a shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗarin sata. Wanda ya tona ya samu kuɗin cefanen ƴan kwanaki. Ƙasa kuma ta yi asarar da ba ta gyaruwa, sabili da tukunyar da aka fizge daga inda take, ba a san zurfinta ba, ba a san me ke kusa da ita ba, ta daina ba da labarin mutanen da suka yi ta. Tun 30 ga watan Yuni 1997 Nijar ke da dokar kare kayan tarihi, wadda ta hana haƙa da fitar da irin waɗannan kaya ba da izinin hukuma ba. Mu nawa ne muka taɓa jin labarinta?

Ga kuma na baya-bayan nan. A watan Nuwamba 2023 aka tsinci wani dutse da ya faɗo daga duniyar Maris a jihar Agadas, mai nauyin fiye da kilo 24, mafi girma a irinsa da aka taɓa samu a bayan ƙasa. A watan Yuli 2025 gidan gwanjon Sotheby's ya sayar da shi a birnin New York a kan dalar Amurka miliyan 5.3, wajen miliyar 3 na sefa. Gwamnati ta buɗe bincike a kan yadda ya fita. Da kyau. Amma ku lura, yawancinmu ba mu ji labarin dutsen ba sai da aka buga guduma a Amurka. Labarin adakar kakata ne, aka faɗaɗa shi ya zama na ƙasa.

Mu a nan mun iya zancen maido da kayan tarihi, kuma muna da gaskiya. Rahoton Felwine Sarr da Bénédicte Savoy na 2018 ya nuna akwai kayan Afirka ta kudu da Sahara wajen 90,000 a gidajen tarihin Faransa, kusan 70,000 a gidan Quai Branly kaɗai. A watan Nuwamba 2021 aka maido ma Benin kaya 26 na masarautar Abomey. Dole mu ci gaba da matsawa. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda aka ƙwace da bindiga zamanin mulkin mallaka daban, wanda ke fita yau ta ƙofar baya a kan jikka ashirin daban, kuma na biyun a hannunmu yake.

Na san abin da wasu za su ce: malam, yunwa ake yi, kai kana zancen tasa. Na yarda. Ni ba na cikin masu cewa haramun ne tsohuwa ta sayar da munduwarta. Tun asali ma don haka iyayenmu mata ke tara azurfa da zinariya, ita ce bankinsu, ranar tsanani ake fiddo ta. Abin da nake cewa, mai yunwa shi ya fi kowa bukatar a biya shi daidai. Da kawu ya san lissafin nan, liyari uku sun isa maganin, sauran kaya da suna nan. Wasu kuma za su ce a miƙa komai ga gwamnati. Wannan ma ban yarda ba. Kayan gadon mutum nasa ne, kuma ranar da aka fara aika jandarma su binciki adakar tsofaffi, ranar ce kowa zai ɓoye nasa ko ya narkar.

Kada mu manta da rabon gado. Sau nawa ake raba zinariyar mamaciya da ido, a ce wannan sarƙar ta wance, wancan zoben na wane, ba awo ba gwaji? Masu ƙaramar murya a gida, marayu da mata, su ke kwana ciki. Musulunci da kansa da awo ya yi magana: nisabin zakka miskali 20 ne na zinariya, wajen giram 85, ko dirhami 200 na azurfa, wajen giram 595. Addinin da ya ƙayyade nauyi haka ba zai so a raba haƙƙin maraya da kintace ba.

To me za a yi?

Mu matasa, aikin farko namu ne kuma ba ya cin ko dala. Wannan hutun, ka zauna da kaka ko tsohon gidanku, a buɗe adaka. Ɗauki hoton kowane abu, gaba da baya, ka auna, ka rubuta a littafi. Ka kunna waya ka naɗi muryarta tana faɗin daga ina ya zo, wa ya ba ta, wane maƙeri ya yi. Takobi ne, likkafa ce, sulke, gafaka, tsohon kundi na ajami, rigar saƙi, duk a rubuta. Wannan labarin yana ƙara ma abin daraja ko a kasuwa, kuma in an sace, hoton ne shaidarka. Amma don Allah kada ka watsa hotunan a Facebook ko TikTok da sunan unguwarku, kada ka gayyato ɓarayi da hannunka. In tsoffin rubuce-rubuce ne, IRSH na da sashen da ke adana dubban littattafan larabci da ajami a Yamai, tarin da marigayi Boubou Hama ya assasa. A nemi shawararsu kafin gara ta gama da su.

Lamiri da ƙungiyoyin maƙera, muna neman a samar da wurin awo da gwaji na kowa da kowa a manyan kasuwanni, kasuwar Dole ta Damagaram, babbar kasuwar Maraɗi, ta Tawa, da na Yamai: sikeli mai inganci, mai gwajin da ba shi ne mai saye ba, farashin rana a rubuce a allo, da takardar shaida. Maƙeran kirki su za su fara cin ribar wannan, don amana za ta dawo sana'arsu.

Gwamnati kuma, a fassara dokar 1997 da Hausa, Zabarmanci, Tamashek, Fulatanci da Barbarci, a karanta ta a rediyoyin karkara. A horar da ma'aikatan duwan su iya bambance tukunyar Bura da tukunyar kasuwa. A ba gidan tarihi na Boubou Hama, wanda ke nan tun 1959, da gidajen tarihin jihohi, kuɗin da za su iya sayen muhimmin abu daga hannun iyali da farashin mutunci. Duk wanda ya tsinci abu ya kawo, a saka masa, a rubuta sunansa. In mai gaskiya bai samu komai ba, mai babur ne zai ci gaba da cin kasuwa. Masarautunmu ma su rubuta abin da ke fadojinsu. Damagaram da aka ƙera igwa a cikinta zamanin Sarki Tanimu, bai kamata jikokinta su riƙa ganin kayan kakanninsu sai a hoton gwanjo ba.

Kakata ta warke daga ciwon ƙafar, ta ƙara shekara biyu kafin Allah ya karɓi abinsa. Ba ta taɓa tambayar liyarin ba, ba ta tambayi mundayen ba. Tasar ce kawai takan ce, in ta ga ana jeren wata jikanya, da tana nan da an sa mata. Na zaga Katako da shagunan masu tsoffin kaya a Yamai ina dubawa, ban gan ta ba, kuma ko hotonta ba ni da shi da zan nuna ma wani.

Wanda kakarsa ke raye, ya je ya gaishe ta wannan satin, ya tafi da littafi da biro.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya taimaki Nijar da ƴaƴanta.